Yadda Ake Auna 'Yan Wajen Spurs na Kofi Biyar Ba Tare da An Zalunci Kowa Ba

A zamanin Tim Duncan, San Antonio Spurs ta ɗauki kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sau 5: 1999, 2003, 2005, 2007 da 2014. Koci ɗaya ne ya ja ragamarsu a duka biyar ɗin, Gregg Popovich, dogon da ke tsaye a gindin kwando ma, wato Duncan, bai canja ba. Waɗanda suka yi ta canjawa su ne 'yan waje, masu wasa nesa da kwando, waɗanda ke hauro da ƙwallo, su raba ta, su yi jifa daga nesa, su kuma tsare takwarorinsu na wancan ɓangare. Saboda haka in mutum na son koyon yadda ake auna 'yan wasan wani zamani da na wani, da wuya ya sami ƙungiyar da ta fi wannan daɗin farawa.

Ina koya wa samari ƙwallon kwando da yamma a wani filin siminti a nan Garwa, kuma gardamar nan ba ta ƙarewa, daga bakin fili har teburin mai shayi. Mu manya zuciyarmu ta daɗe da karkata ga Tony Parker, don tashoshin Faransanci muke kallo, su kuwa ba sa gajiya da kiran sunan ɗansu. Yaran yanzu kuma Kawhi Leonard suka sani, don shi ya ɗaga kofin 2019 a Toronto tare da namu Pascal Siakam. Kowa sai ya ɗago sunan gwaninsa, ya karanto yawan makinsa, a watse ba a tsinana komai ba. To ƙanena, in kana son maganarka ta yi nauyi a majalisa, ga hanyar da nake bi.

Ka fara da takarda da biro, ka rubuta sunayen kowace shekara. A 1999 akwai Avery Johnson, Mario Elie da Sean Elliott, a benci kuma Jaren Jackson, Antonio Daniels da Steve Kerr. A 2003 akwai Parker, Stephen Jackson da Bruce Bowen, a benci Manu Ginobili, Speedy Claxton da Kerr. A 2005 Parker, Ginobili da Bowen ne, Brent Barry na shigowa daga baya. A 2007 su ukun ne dai, an ƙara musu Michael Finley. A 2014 kuwa Parker, Danny Green da Kawhi ke farawa, Ginobili, Patty Mills, Marco Belinelli da Cory Joseph na jira a benci.

Kusa da kowane suna ka sa shekarunsa a wannan kakar. Wannan ɗan ƙaramin aiki shi ke kashe rabin gardama. Sunan Parker ya fito sau 4, amma ai ba mutum ɗaya ba ne. Na 2003 yaro ne ɗan shekara 21 da Popovich ke cirewa in wasa ya yi zafi, har a wasa na shida na final da New Jersey Claxton ne ya riƙe ƙwallo a lokacin da aka juya wasan. Bayan an ɗauki kofin ma ƙungiyar ta bi Jason Kidd, mai riƙe ƙwallon New Jersey, tana zawarcinsa, bai zo ba ne kawai. Parker na 2007 kuwa, mai shekara 25, shi aka ba kyautar gwanin final, ɗan Turai na farko da ya taɓa samun ta. Na 2014 dattijo ne mai 32 da idon sawu ke damu. Haka Ginobili: sabon shiga a 2003, wuta a 2005, mai shekara 36 da sanƙo a 2014. Duk wanda ya ce maka "Parker ya fi wane", ka tambaye shi na wace shekara.

Daga nan sai ka raba su bisa aiki, kada ka bi lambar matsayin da aka rubuta a takardar wasa. Ni aiki huɗu nake gani a waje. Akwai mai riƙe ƙwallo da tsara hari. Akwai mai manne wa gwanin abokan hamayya. Akwai mai tsayawa nesa yana jiran a jefo masa ya harba ta maki uku. Sai na huɗu, wanda ya fi wuyar samu: mutumin da in shirin koci ya wargaje, agogon daƙiƙa 24 da ake ba ƙungiya ta yi jifa ya kusa cika, za a miƙa masa ƙwallo ya ƙirƙiro kwando shi kaɗai. Ka auna mai tsaro da mai tsaro, mai jifa da mai jifa. Bowen da Kawhi za su hau sikeli ɗaya wajen tsaro, Kerr da Barry da Mills wajen jifa. Ɗora Avery Johnson kusa da Ginobili kuwa ɓata tawada ne.

In ka cike gurbin nan huɗu a kowace shekara, za ka ga abin da ido ba ya gani a jerin maki. A 1999 gurbi na huɗu kusan babu kowa, domin in shiri ya wargaje Duncan ake jefa wa. A 2005 Ginobili ya cike shi har ya yi ambaliya. A 2014 kusan kowa na yin aiki biyu: Green na tsaro yana harbi, Kawhi na tsaro yana harbi yana kuma cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando, Ginobili na raba ƙwallo yana ƙirƙira.

Yanzu batun lambobi, inda aka fi yaudarar mutane. Duk wanda ya yi wayo kafin Janairun 1994 ya san jaka goma ta sefa kafin a karya darajar kuɗin ba ita ce jaka goma ta bayansa ba, ko da takardar iri ɗaya ce. Haka maki yake a NBA. A kakar 1999, wadda rikicin albashi ya rage ta zuwa wasa 50, ƙungiya na cin maki wajen 92 a wasa, tana gwada jifan maki uku kamar sau 13. A kakar da ta ƙare a 2014 an koma maki 101, jifan maki uku ya haura 21. Wasan da Spurs ta ɗauki kofin farko da shi a New York ya tashi 78 da 77. A wasa na uku na final ɗin 2014 a Miami, kafin a tafi hutun rabin lokaci Spurs ta riga ta zuba 71.

Gyaran da nake yi ba ya buƙatar kwamfuta, lissafin waya ya isa. Ka raba makin ɗan wasa da makin ƙungiyarsa a wannan wasan. Ginobili ya ci 23 a wasa na bakwai da Detroit a 2005, an tashi 81 da 74, wato kashi 28 cikin 100 na makin Spurs daga hannunsa suka fito. Kawhi ya ci 29 a wasansa mafi kyau na final ɗin 2014, amma cikin 111, kashi 26 ke nan. Ka ga 23 ta fi 29 nauyi. Gyara na biyu na mintuna ne. A 2014 Popovich bai bar ko mutum ɗaya ya kai matsakaicin minti 30 a wasa ba a tsawon kaka. Parker na cin 16.7 cikin minti 29 da ɗoriya. Ka ninka makin da 36, ka raba da mintunansa, za ka samu sama da 20. In ba ka yi wannan ba, za ka ɗauka mutumin ya ƙare alhali hutar da shi ake yi.

Na uku shi ne darajar jifa ɗaya. Mai jifan maki uku da ke ci 40 cikin 100 daidai yake da mai jifan maki biyu da ke ci 60 cikin 100, kowannensu maki 120 ne a jifa ɗari. Nan ne ake gane Bowen. Mutum ne da babu wanda ya zaɓa a ranar ɗaukar sababbi, ya je Faransa ya yi wasa a Le Havre da Evreux da Besançon kafin NBA ta waiwaye shi. A kakar 2003 ya fi kowa a gasar iya jifan maki uku, kashi 44 cikin 100, alhali a jifan kyauta, inda ba mai tsare shi, kashi 40 yake ci. Abin dariya ne, amma da dalili. Wuri ɗaya ya haddace, lungun fili, inda layin ke mita 6.70 daga kwando maimakon mita 7.24 na tsakiya. Can yake zuwa ya tsaya kullum. Duk waɗannan lambobi suna nan kyauta a shafin Basketball Reference, kuma ba ya cin data sosai.

Bayan lambobi sai dokoki, don su ke yanke wa ɗan waje irin wasan da zai iya yi. A 1999 doka ta hana tsaron yanki. Ko dai ka bi mutuminka, ko ka tafi gaba ɗaya ku haɗu biyu a kan mai ƙwallo, babu tsayawa a tsakani. To ƙungiyar da ke da Duncan da David Robinson me za ta yi? Ta jefa ƙwallo ciki, 'yan waje su ja gefe su jira. Ƙarancin makin Elliott da Elie ba gazawa ba ce, aikin da aka ba su ke nan, kuma Elie ya zo da zobe biyu na cin kofi daga Houston, ba baƙo ba ne a irin wannan dare. A 2001 aka soke wannan doka, aka halatta tsaron yanki. A 2004 kuma aka tsananta busa a kan mai tsaro da ke dafa hannu a jikin mai ƙwallo a waje. Wannan ta biyun ita ta buɗe wa masu gudu hanya. Parker ya ci moriyarta fiye da kowa. Ya haɗa da aikin Chip Engelland, malamin jifa da ƙungiyar ta ɗauko a 2005, ya rage harbi daga nesa, ya koma kutsawa, sai ga ɗan gajere yana cin kusan kashi 55 cikin 100 na jifansa a kakar 2006. Don haka kafin ka raina Avery Johnson, ka tuna shi da hannun ƙato a ƙugunsa yake hauro da ƙwallo. Kafin ka raina Bowen kuma, ka tuna an ƙwace masa hannu a tsakiyar aikinsa, amma daga 2004 zuwa 2008 ba a fasa sa shi cikin biyar mafi iya tsaro a gasar ba.

Matakin da na fi ba muhimmanci, wanda kuma na ga mutane na tsallakewa, shi ne tambayar nan: nawa ne daga cikin kayan Duncan ya ɗauka a wannan shekarar, nawa ya bar wa na waje? A final ɗin 1999 yana cin maki 27 a wasa yana ɗan shekara 23. A daren ƙarshe na 2003 ya tashi da maki 21, ya cafke ƙwallo 20, ya ba da fas 10 da aka ci, ya toshe jifa 8. Da mutum irin wannan a ciki, 'yan waje masu matsakaicin ƙarfi ma za su sa zobe. A 2014 yana da shekara 38, makinsa a final 15 ne a wasa, Parker da Kawhi duk sun fi shi. Kofin bai canja girma ba, amma masu ɗaukarsa sun canja. Duk shekarar da Duncan ya yi ƙasa kuma aka ci, ka ƙara wa 'yan wajen wannan shekarar daraja. Wannan kaɗai ya isa ya jera maka su kusan yadda ya kamata.

Sannan ka dubi wa aka kara da shi. Nan zan ɓata wa 'yan'uwana masoya Parker rai kaɗan. Makinsa 24.5 a wasa a final ɗin 2007 gaskiya ne, amma Cleveland ce, ƙungiyar da ba ta da mai iya bin sa da gudu, aka share ta 4 da 0. Wasan gaske na wannan shekarar da Phoenix aka yi shi, kuma a can sai da aka dakatar da Amar'e Stoudemire da Boris Diaw, 'yan wasan Phoenix, a wasa na biyar saboda sun baro benci lokacin hatsaniya. Ginobili na 2005 kuwa Detroit ya fuskanta, mai riƙe da kofi, wadda tsaronta ke shaƙe kowa, ya zuba musu 26 a wasan farko, 27 a na biyu. An ba Duncan kyautar gwanin final, ni dai da Ginobili zan ba. Ka tuna wannan mutumin shekara guda kafin nan ya ci zinare da Ajantina a wasannin Olamfik na Atina.

Yara ma sai sun haƙura da tasu. Ana cewa Kawhi ya kulle LeBron James, gwanin Miami, a 2014. Je ka duba: LeBron na cin 28 a wasa, yana saka kashi 57 cikin 100 na jifansa. A 2007 ne, yana Cleveland, a hannun Bowen, ya kasa kai kashi 36. Sai dai kada ka yi saurin ba Bowen nasara, domin LeBron na 2007 yaro ne mai shekara 22 da jifansa na nesa bai nuna ba, ana ja masa baya a bar shi ya harba. Na 2014 ya riga ya zama gwarzon gasar sau 4. Abin da Kawhi ya yi shi ne ya gajiyar da shi, sannan ya juya ya rama a ɗaya ɓangaren. Maki 9 ya ci a kowanne daga wasa biyu na farko, sai 29, 20, 22 a ukun ƙarshe. Bowen bai taɓa iya wannan ba.

Akwai wani gwaji da nake so ƙwarai: ka cire mutum ɗaya ka ga abin da ya rage. Sa'a ce tarihi ya yi mana gwajin da kansa. A 2003, wasa na shida da Dallas, Parker na fama da ciwon ciki, Spurs na baya, aka taso da Kerr mai shekara 37 wanda ya daɗe yana ɗumama benci, ya harba ta maki uku sau 4 duk suka shiga. A 2014, wasa na shida a Oklahoma, Parker bai dawo ba bayan hutun rabin lokaci saboda idon sawu, Joseph da Mills da Ginobili suka raba aikinsa, aka ci 112 da 107 bayan ƙarin lokaci, a gidan Kevin Durant da Russell Westbrook. Bambancin biyun shi ne na 2003 dare ɗaya ne da Allah ya ba tsoho sa'a, na 2014 kuwa haka suke wasa tun farkon kaka. Yanzu ka cire Ginobili daga 2005 a ranka. Ni ban ga yadda za su wuce Detroit ba.

Kada ka yanke hukunci kafin ka kalli wasa da idonka. Final a nan ƙarfe biyun dare yake kama mu, ga Yuni da hadari da ɗauke wuta, shi ya sa da yawanmu gajerun faifai kawai muka sani. Faifan minti uku kuwa kwando yake nuna maka, ba ya nuna wanda ya buɗe hanyar. Ka nemi cikakken wasa a YouTube, ka sauke shi inda intanet ke da arha, in data ta yi kaɗan kwata na huɗu ya isa. Ka kalla sau biyu. Karon farko ka bi ƙwallo yadda kowa ke yi. Karo na biyu ka zaɓi ɗan waje ɗaya ka kafe shi da ido ko ƙwallo na ina. A wasa na bakwai na 2005 ka bi Bowen, ka ga yadda aka mayar da shi kan Chauncey Billups na Detroit a ƙarshe har ya toshe masa jifa. A wasa na biyar na 2014 ka bi Mills a kwata na uku, ka ga gudun da yake yi kafin ƙwallo ta iso shi. A 1999 ka nemi wasa na biyu da Portland, inda Elliott ya karɓi ƙwallo a bakin layi, dugadugansa a sama don kada ya taka, ya harba ta maki uku ta shiga. Mutumin nan da ciwon ƙoda yake wasa, bayan wata biyu da ɗaukar kofi aka yi masa dashe.

Wani abu da ya kamata ku daidaita tun kafin a fara musu: Robert Horry da Diaw na ciki ne ko na waje? Horry ne ya ci ta maki uku da ta kashe wasa na biyar a Detroit, 96 da 95. Diaw, wanda ya baro Phoenix ya zo Spurs daga baya, shigarsa cikin biyar na farko daga wasa na uku a 2014 ita ta rikita Miami. Ni ba na ƙirga su, don dogaye suke tsarewa. In ka ƙirga ɗaya dole ka ƙirga ɗayan.

Ga inda lissafina ya tsaya. 2014 ce a gaba, saboda ta ci da Duncan mafi rauni, ta ƙarasa Oklahoma ba Parker, ta kuma doke Miami da tazarar maki 70 a wasa biyar. 2005 ke biye, kuma in wasa ɗaya tak za a buga, ba jeri na bakwai ba, ita zan ɗauka saboda Ginobili. Sai 2007, sai 2003, sai 1999 a ƙarshe, duk da a hanyarsu ta zuwa kofi wasa 15 suka ci aka ci su 2 kawai, kuma Avery Johnson, wanda ake cewa ba ya iya jifa, shi ya saka kwandon nasara ana saura daƙiƙa 47. Wani abokin aikina daga Marwa ya bi wannan hanyar ya fito da 2007 a saman 2005, hujjarsa ita ce a 2007 ne Parker da Ginobili suka yi ƙarfi a lokaci guda. Ban yarda ba, amma ba ni da bakin cewa bai yi lissafi ba.

In ka ɗauki hanyar zuwa wata ƙungiya, ka sani aikin zai fi haka wuya. A Lakers koci ya canja, dogon ciki ya canja daga Kareem Abdul-Jabbar zuwa Shaquille O'Neal zuwa Pau Gasol, don haka tambayar nauyin da na ciki ya ɗauka sai ka sake yin ta daga tushe a kowane zamani. Kuma a can gyaran lambobi ya fi tsanani: a 1979 aka shata layin maki uku a NBA, shekarar da Magic Johnson ya shigo, kuma a wannan kakar ƙungiya ba ta gwada shi ko sau 3 a wasa.